Yadda wata makarantar kuɗi a Kano take sanar da iyaye halin da 'ya'yansu suke ciki

Makarantar da 'yata take aji biyu na babbar sakandare tana tuntuɓar iyaye ta zauren WhatsApp na kowane aji, da takardar sakamako ta ƙarshen zango, da kuma taron iyaye da malamai. Ta fuskar sauri ba ni da ƙorafi, domin idan yaro bai halarci aji ba, kafin azahar saƙo ya iso wayar mahaifinsa.

Abin da ya fi ƙara mini amincewa da su ya faru ne a zango na biyu, lokacin da malamin Lissafi ya ajiye aiki. Shugabar makarantar ta rubuto ƙarara cewa ajin ya yi makonni babu malami kuma an ci baya a manhaja, sannan ta zayyana darussan Asabar da za a yi domin cike giɓin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Labari ne mara daɗi, amma ya zo tare da mafita, kuma hankalin iyaye ya kwanta.

Sai dai wannan gaskiyar ba ta kai ga takardar sakamako ba. Yarinya ta ci maki 42 a Lissafi, malamin aji kuma ya rubuta a ƙasa: "Tana ƙoƙari, ta ƙara himma." A ma'aunin jarrabawar kammala sakandare ta WAEC wannan makin E8 ne, wato bai kai kiredit ba, domin kiredit yana farawa ne daga C6, kuma jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Uban da bai san wannan ba zai naɗe takardar ya sa a aljihu cikin murna, sai sakamakon WAEC ya fito ya gane cewa an daɗe ana lallashinsa. Haka ma allon da suke kafawa a bakin ƙofa: hotunan ɗaliban da suka haura maki 300 cikin 400 a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ne kawai, ba a faɗin adadin waɗanda suka zauna jarrabawar.

Ban ce a karya wa yara gwiwa ba. Yabo yana da amfaninsa, musamman ga yaro mai jin kunya. Amma saƙon da aka aiko wa iyaye ya kamata ya nuna inda yaron yake da abin da za a yi a kai. Zan ba wa mai nema shawarar ya kai ɗansa wannan makarantar, da sharaɗin a kowane zango ya nemi ganin takardun jarrabawar da aka duba, ya kuma zauna da malamin darasin da kansa.