Injin wanke-wanke ba ya ɗumama ruwa: hita ce ko sensa?

Hajiya, kin ce injinki yana jan ruwa, yana fesawa, yana kai aikinsa ƙarshe, amma kwanuka na fitowa da sanyi da maiƙo, wani lokacin sabulun ma bai gama narkewa ba. An kuma ce miki ki sayi sabuwar hita. Don Allah ki ɗan dakata. Abu biyu ne suka fi jawo wannan matsala, hita da sensar zafi, kuma ana iya rarrabe su kafin a kashe ko sisi.

Ki fara tabbatar da laifin. Ki zaɓi wanki mafi zafi, mai digiri 65 ko 70, ki bar shi ya yi kamar rabin awa, sannan ki buɗe ƙofar a hankali. In tururi ya taso, injin yana ɗumamawa. Wankin tattalin wuta bai cika wuce digiri 50 ba, shi ya sa yake ruɗar mutane.

Hita ita ce ƙarfen da ke ɗumama ruwan. A tsofaffin injuna ana ganinta a ƙasan ciki, a lanƙwashe. A sababbi kuwa tana ɓoye a ƙarƙashi, ruwa ne ke ratsa ta. In ta mutu, ta mutu ke nan: ruwa sanyi ƙalau daga farko har ƙarshe, kullum, ko wane wanki aka zaɓa. In fashewa ta yi, sai ki ga bireka na faɗuwa daidai lokacin da ya kamata ta kama aiki. Abin da ya fi kashe ta shi ne farin dattin nan mai tauri, irin wanda ke mannewa a cikin butar lantarki. Yana rufe ƙarfen, zafi ya rasa hanyar fita, wayar ciki ta tsinke.

Sensa kuwa ba ta ɗumama komai, aikinta kawai ta gaya wa allon injin, wato allon lantarkin da ke sarrafa aikinsa, yawan zafin ruwa. Saboda haka lalacewarta ta fi wuyar ganewa. Yau ruwa ya yi ɗumi, gobe ya ƙi. Ko wanki ya yi ta tsawo fiye da yadda aka saba, domin injin yana jiran zafin da ba a shaida masa an kai ba. Ɗumi yau, sanyi gobe, ba halin matacciyar hita ba ne.

Mitar masu gyaran lantarki ce ke raba gardama. A zare fulogi daga soket tukuna, ba kashe makunni kaɗai ba, domin ruwa da wuta ne a wuri ɗaya. Hita mai wat 2000 a wutar bolt 230 za ta nuna om 25 zuwa 30 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wutar lantarki) in lafiyarta ƙalau. In mita ba ta nuna komai ba, ta tsinke. Ita sensa, adadinta ya danganta da kamfanin da ya ƙera ta, amma ga gwajin da na fi yarda da shi: a sa bakinta cikin ruwan ɗumi ana aunawa. Lafiyayya, lambar za ta riƙa sauka. In ta tsaya cak, ita ce.

Idan duka biyun sun fita lafiya, a duba allon injin. Akwai ɗan makunni a kansa, rile, wanda ke sakar wa hita wuta, kuma dalmar ƙafarsa kan ƙone. Ana ganin baƙin tabo a wurin. Mai gyara da ya san aikinsa zai iya sake dalmar ko ya canza rilen kaɗai. Ki kuma wanke matatar injin, wato rariyar da ke tace datti, domin wasu injunan ba sa kunna hita sam in ruwa ba ya gudana sosai.

A wajen kuɗi, sensa ta fi araha nesa ba kusa ba. Hita kuwa ta danganta da injin. A yawancin sababbin Bosch haɗe take da famfon da ke juya ruwa, dole a canza su tare, kuma lambar E09 a fuskar injin ita ke nuna laifin ɓangaren hita. Duk wanda zai yi miki gyaran, ki ce ya auna a gabanki, ki ga lambar da idonki kafin ki ba da kuɗin kaya.