Sharhi kan peftayidin Ac-DEVD-pNA bayan wata biyar ina aiki da shi a Maraɗi

Aikina shi ne gwada ko ruwan ganyen sabara yana rage mutuwar ƙwayoyin hanta a jikin ɓerayen gwaji, kuma hanyar da ta fi dacewa da kayan ɗakin gwajinmu ita ce auna ƙarfin furotin da ake kira kasfes-3. Dalilin da ya sa na yi odar peftayidi biyu ke nan a watan Fabrairu (peftayid gajeren jeri ne na amino asid, tubalan da ke gina furotin): Ac-DEVD-pNA, wanda kasfes-3 ke yankawa, da kuma mai toshe aikin furotin ɗin, wato Ac-DEVD-CHO.

Ƙwayar halitta tana da mutuwar da take shirya wa kanta cikin tsari, wadda Kerr da Wyllie da Currie suka raɗa wa suna afoftosis a shekarar 1972. Kasfes-3 yana cikin almakasan da ke ƙarasa wannan aiki, kuma ba ya yanka ko'ina sai bayan amino asid ɗin da ake kira asfatik asid, musamman inda ya tarar da jerin amino asid huɗu da ake taƙaitawa da DEVD, irin wanda ke jikin PARP, wani furotin da kasfes-3 ke yankawa a cikin ƙwayar. Masu haɗa peftayidin sun kwaikwayi wannan jeri ne, suka maƙala masa wani sinadari mai ba da launi, pNA, a ƙarshe. Muddin yana maƙale ruwan ba shi da launi, amma da zarar an yanke shi sai rawaya ta fito, a karanta ta da haske mai tsawon zango nanomita 405. Wannan ne ya ja ni gare shi, domin na'urar ELISA da muke da ita, mai auna launi a ramukan farantin gwaji, tana karatu a daidai wannan ma'auni, ba sai mun nemi wata ba.

Kayan sun yi mako bakwai kafin su iso. Dillalin da ke Yamai ya sa su a motar fasinja, suka yi tafiyar fiye da kilomita 600, kuma da na buɗe akwatin na tarar ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi. Gabana ya faɗi. Da na ɗaga kwalbar ma sai na zaci babu komai a ciki, sai da na kara ta da hasken taga na ga ɗan farin gari manne a ƙasa, miligiram 5 ke nan. Abin da ya cece mu shi ne busasshe aka aiko shi, kuma busasshen peftayid yana jure ɗan zafi na kwanaki. Laima ce ba ya so, shi ya sa nake barin kwalba ta huce daga sanyin firiza kafin in buɗe murfin. Na narkar da shi a DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, na rarraba a ƙananan bututai 20, na ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. A watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma wuta tana yawan ɗaukewa, rarrabawar nan ta yi mini rana. DMSO yana daskarewa a wajen digiri 19, saboda haka duk safiyar da na ga bututu ya koma ruwa, na san firizar ta yi ɗumi sosai cikin dare.

Gwajin farko bai ba da komai ba. Awa biyu a digiri 37, ramukan farantin suna nan fari fat. Na tafi wurin mai kula da aikina na ce, "Malam, anya kayan nan ba su lalace a hanya ba?" Bai ko dubi farantin ba, ya ce, "Yaushe ka haɗa DTT ɗinka?" Na mako uku ne, yana firji. Kasfes yana yanka ne da wani amino asid mai suna sistin da ke bakinsa, kuma idan babu sabon DTT, sinadarin da ake zubawa a ruwan gwajin don ya kare sistin ɗin daga iska, almakashin ya dakushe. Washegari na haɗa sabo, kafin awa ɗaya da rabi rawaya ta fara bayyana a ramukan hantar da aka jikkata, yayin da ramukan da na sa wa Ac-DEVD-CHO suka tsaya yadda suke. Laifin nawa ne, peftayidin lafiyarsa lau.

Akwai dai inda ya gaza, kuma wajibi ne mai niyyar saye ya sani. Ganinsa ba shi da kaifi, sai an zuba furotin mai yawa kafin bambanci ya fito sarai. Ga mai aiki da hanta matsalar ta fi haka, domin jinin da ya rage a nama yana shan haske kusa da nanomita 405 ɗin, ya ɗaga karatu tun ba a yanka komai ba. Sai da na riƙa wanke hantar sosai da ruwan gishiri mai sanyi, ina kuma cire karatun ramin da ba a sa masa peftayid ba, sannan lissafin ya daidaita. Ɗan'uwansa Ac-DEVD-AMC ya fi shi gani nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar na'urar auna ƙyalli, wadda ba mu da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun jikin kwalbar, wanda ya ambaci kasfes-3 kaɗai, alhali kasfes-7 ma yana yanka DEVD. Mai toshewar ma ba ya raba su, duka biyun yake kamawa. Saboda haka a rahotona na rubuta kasfes-3/7, kuma ina ganin duk ɗalibin da ya rubuta 3 kawai ya faɗi abin da gwajinsa bai nuna ba. Takardar bayanin kuma da Turancin Ingilishi kaɗai ta zo, ga ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu, kuma maganar sabon DTT tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Zan sake sayen biyun tare, amma a Disamba zan yi odar domin su iso cikin hunturu, kuma zan nemi dillalin ya sanar da ni ranar da zai sa su a mota.