Gargaɗi: Tarin wata 14 na biya a kan injin da ya kwana a cikin ruwa

Kwana tara ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa, kunya tana hana ni sakinsa. Jiya da daddare ne na ga mutumin da ya cuce ni a cinikin injin mota ya sake ɗora hoton injin, wannan dai hoton mai jan ƙyalle a bakin tobo (fankar da take tura iska cikin inji), da sabon suna da sabuwar lambar waya, har wani bawan Allah yana tambayarsa ko akwai ragi. A nan na ce a'a, gara a yi min dariya da a ƙara cutar wani.

Tarin wata 14 ne, jama'a. Wata 14 ina matse bakin aljihu. Sau uku na tura masa kuɗi da hannuna, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Waɗanda suka san ni sun san motar. M35A2 ce, tsohuwar motar sojan Amurka mai taya goma, mai ɗaukar tan biyu da rabi, wadda aksul ukun duka suke ja. Kamfanin REO ne ya zana asalinta a 1949. Tawa ta zo da injinta na gado, LDT-465, lita 7.8, irin wanda aka ƙera don ya sha dizal ko kananzir ko duk abin da soja ya samu a daji. Inji ne mai haƙuri, amma ƙarfin dokinsa bai wuce 134 ko kusa da haka ba, kuma saboda giyar aksul ɗinta 6.72 ce, kafin ta kai kilomita 90 a awa injin yana ihu a juyi 2,600 a minti. Nawa ya gaji. Yana shan baƙin mai, yana hayaƙi ta murfi, a kan tudu da kaya sai dai ka yi ta addu'a. Shi ya sa na ƙudurta sa mata injin Cummins mai lita 5.9 na zamani, irin wanda aka fara sa wa Dodge Ram a 2003, mai kwamfuta, wanda famfon Bosch CP3 yake tara mai a bututu guda sannan birenbos, wato kwamfutar injin, ya riƙa buɗe nozul. Ƙarfin dokinsa ya haura 300. Ko sojojin da kansu sun yi irin wannan canji a shekarun 1990, lokacin da suka sa wa M35A3 injin Caterpillar 3116 da giyar Allison. Ba hauka na tasa a gaba ba. Kuma injin ba shi da laifi, masu ƙera shi ba su da laifi, mutum ɗaya ne ya cuce ni.

Ga abin da yake hana ni barci. A kiranmu na farko, ban gama bayanin motar ba ya katse ni ya ce: "Ɗan uwa, birkin fa? Ina za ka samo iska?"

Wallahi wannan tambaya ce ta kashe ni. Birkin M35 na mai ne amma iska ce take taimaka masa, kuma kwamfireson yana jikin tsohon injin. Injin da aka ciro daga ƙaramar motar ɗaukar kaya ba ya zuwa da kwamfireso. Ka sauke tsohon inji, ka sauke birkinka tare da shi. Mutum goma na yi wa maganar aikin nan kafin shi, babu wanda ya tuna da iska. Shi ya tuna. Ya ce yana da ƙarfen da zai riƙe kwamfireso a kan belt, zai haɗa min. Ya tambaye ni ko giyabos ɗina Spicer 3053 ce mai giya biyar, na ce ita ce, ya ce to sai an canza gidan filawil, inda inji yake haɗuwa da giyabos, zuwa girman da ake kira SAE 3, don na Dodge ba zai hau ba, kuma yana da shi. Ya ce wutar motata bolt 24 ce, birenbos ɗin kuwa 12 yake so, in na haɗa kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba zan ƙone shi nan take. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ku faɗa min, wane ne zai ji wannan ya ce ɓarawo yake magana da shi?

Har hana ni kashe kuɗi ya yi. Na tambaye shi inji mai lita 6.7 da ya ɗora a shafinsa, wanda ya fi tsada, ya ce kar in taɓa shi, wai daga 2007 aka fara jibga masa matatar hayaƙi da na'urar mayar da hayaƙi cikin inji, zai ba ni ciwon kai a tsohuwar mota. Ya ce ɗauki 5.9, ya fi sauƙi, ya fi arha. Mai sayarwa ya ture ka daga mai tsada zuwa mai arha. "Birkin fa? Ina za ka samo iska?" Ina jin muryar har yanzu, a natse, kamar yayana ne yake ba ni shawara.

Biya na farko rabin kuɗin ne, kafin alƙalami. A'a, kafin nan akwai bidiyo, bari in koma baya, don masu cewa na sayi kaya ido rufe.

Na ce ya tayar min da shi da sanyi. Ya ɗauki bidiyo da safe, ya dafa hannunsa a kan bututun salansa don in ga bai ɗumama shi ba, ya ba shi wuta, bugu ɗaya ya tashi. Na ce ya buɗe murfin baƙin mai ya kifa shi a bakin ramin. Ya kifa, murfin ya zauna lafiya lau, bai yi rawa ba, babu hayaƙin da yake busowa. Wanda ya san inji ya san ma'anar wannan, zoben fistin suna nan da ransu. Na ce ya haska min filatin lamba, ya haska, lamba takwas, na rubuta a takarda. Ya ce kilomita 140,000 kacal ya yi, motar ce ta yi haɗari ta baya. Na ce zan zo in gani da idona, tafiyar kwana biyu ce. Ko gezau bai yi ba, ya ce: "Zo mana, ni zan tarbe ka, ka kwana a wurina ma." To wannan ne ya sa ban je ba. Na ce a raina mutumin da yake da abin ɓoyewa ba zai ce in zo in kwana ba. Shekara 19 ina harkar manyan motoci, na duba abin da ake dubawa, na tambayi abin da ake tambaya. Injin da ke cikin bidiyon lafiyayye ne, har gobe ina nan a kan bakana. Ba shi aka kawo min ba ne kawai.

Bayan rabin kuɗin da kwana biyar ko shida ya kira, wai kuɗin katako da ɗauri da dako, da na gidan filawil ɗin, wai wani zai saye shi in ban yi sauri ba. Na tura. Biya na biyu ke nan, kuma asusun da ya ba ni ba mai sunan na farko ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Na tsaya da waya a hannu kamar minti biyu, sai na tuna maganar iska, na danna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, don in cika na ukun, sai da na sauke tsohon injina na sayar. Injin da yake tafiya. Yana hayaƙi, yana shan mai, amma yana kai ni yana dawo da ni. Shi ne ya ce in sauke tun da wuri in share wurin, in auna inda kaskon mai zai zauna kar ya taɓa aksul ɗin gaba. Wannan ma shawara ce ta gaskiya. Na sauke, na sayar da arha saboda gaggawa, na haɗa da ragowar tarin wata 14.

Motar kayan ta iso bayan faɗuwar rana. Yanzu ne na gane ba haɗuwa aka yi ba, lokacin suka zaɓa. Injin yana cikin akwatin katako, an naɗe shi da leda baƙa ninki-ninki. Direban ya ce an umarce shi kar ya kwance igiya sai mai kaya ya ga alat na ciko. Na ce aƙalla in ga lamba. Ya yaga ledar daidai saman, dama an bar wurin da sauƙin yagawa, na haska fitilar waya: filatin nan, lamba takwas ɗin nan, daidai da takardata. Jan ƙyallen ma yana bakin tobo. Na tura na uku. Sau uku ke nan. Aka sauke, direba ya ja motarsa ko ruwa bai tsaya sha ba.

Da safe ni da bakanikena muka fasa akwatin. Abin da na fara lura da shi wari ne, warin tabo, irin na ƙasan kududdufi. Muka sa dogon ƙarfe a kan karankishaf don mu juya shi, mu biyu muka rataya a kai, ko motsi bai yi ba. Bakaniken bai ce min komai ba, ya durƙusa ya kwance notin kaskon mai. Ruwa ne ya fara zubowa, ruwa tsagwaronsa, ya kusa cika roba, sannan wani abu mai kauri ruwan ƙasa ya biyo baya. Na cire jan ƙyallen na zura yatsa a bakin tobo, busasshen laka ya cika farcena, fankar ciki ta kafe. Gwiwata ta yi sanyi, na zauna a kan katakon akwatin.

A gefen bulok, inda birenbos yake zama, ramukan noti ne kawai. Wayarin an datse shi da filaya, guntaye suna reto. Gidan filawil na SAE 3 da na biya daban, babu. Ƙarfen kwamfireso, babu. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, babu. Da muka ɗaga kan injin, tsatsa ta yi zobe a cikin silinda uku, kana ganin layin inda ruwa ya tsaya ya daɗe. Da aka farke ƙasan daga baya, sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe, alamar wani ya yi ƙoƙarin tayar da shi da ruwa a ciki, ruwa kuwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne yake ba da kai. Nozul shida da famfon duk sun tafi. Waɗannan kaya suna aiki ne da matsin mai da ya kai 1,600 a ma'aunin bar, ɗan ɗigon ruwa ma yana lalata su, balle su kwana a ciki.

Lambar fa? Filatin yana jikin murfin sama ne. Noti kaɗan ka kwance, murfin ya fita. Ya cire murfin lafiyayyen injin ya ɗora a kan gawa. Bakanikena ya goge jikin bulok a saman gidan na'urar sanyaya baƙin mai, inda ake buga lambar a jikin ƙarfen kansa, sai ga wata lamba daban. Na san da wannan wurin. Na sani tun ba yau ba. Da dare ne, direba yana ta danna hon, ni kuma zuciyata ta riga ta yarda da mutumin tun ranar da ya tambaye ni iska.

Na kira shi a ranar, ya ɗauka, har da salati, wai yaransa ne suka yi kuskuren lodi, in ba shi kwana uku. Kwana uku suka zama mako biyu. Ko kafin nan ne ma ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, na manta wanne ya riga wanne, duk suna cikin saƙonnin. Ya ce in turo kuɗin dako a dawo da wannan a kawo na gaskiyar. Biya na huɗu yake nema! Da na ƙi, na ce ya mayar min ko da rabin farko ne, sai ya rufe ni ta ko'ina. Lambar direban ma ta daina shiga.

Masu cewa me ya sa ban je ba, na ji. Matata ma ba ta faɗa ba amma na gani a idonta, ita da ta haƙura da abubuwa da yawa cikin wata 14 ɗin nan. Sai dai kar wanda ya ce min kwaɗayin arha ne. Farashinsa bai faɗi ƙasa da na kasuwa ba, da ya faɗi da na yi zargi. Mutumin ya san inji, bakanike ne ko ya taɓa zama, kuma da wannan sanin yake farauta. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ban kama suna ba saboda na kai ƙara kuma an ce in dakata, sunan ma ya canza shi. Amma hotunan hirarmu, rasit uku, bidiyon tayar da injin, da hoton lambobin biyu gefe da gefe, duk zan ɗora su da zarar na rufe bayanan asusuna. Wanda ya ga tallan 5.9 mai jan ƙyalle a bakin tobo, an jingina shi da bango mai shuɗin fenti, ya yi min magana kafin ya tura komai.

Kar ku biya ciko sai an sauke, da rana, kun juya karankishaf da hannunku kun kwance notin mai. Lambar jikin bulok za ku duba, ba ta murfi ba. Asusu ya canza suna, ku tsaya. Kuma kar ku sayar da tsohon inji sai sabon ya tashi a cikin motar.

Tawa tana nan a bayan gida, bonet a buɗe, rami a inda inji yake, na rufe giyabos da buhu saboda ƙura. Gawar tasa tana gefe a kan katako, an ce kar in taɓa ta sai an zo an ɗauki hoto. Yau da safe na sake gwada tsohuwar lambarsa, a kashe take.