Hattara da mai sayar da kayak "har da kayan zango"

'Yan uwa masu shiga ruwa da kayak, wato ɗan siririn jirgin ruwan nan da ake tuƙawa da filafili, musamman sabbin shiga da ke neman na hannu mai sauƙin kuɗi, ku saurara. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet yana tallar kayak na teku, wai har da filafili, rigar ceto, tanti da jakunkunan da ruwa ba ya shiga, duk a kusan rabin kuɗin sabo. Ni ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma kuɗin da na rasa su ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ya so ya jawo mini.

Ba zan kama suna ba, don ba shi da suna ɗaya. Tun bayan abin da ya faru na ga tallar nan da sunaye uku daban-daban, amma hotunan su ne dai, labarin ma shi ne: zai yi ƙaura, ba shi da wurin ajiya, sau biyu kacal aka sa jirgin a ruwa. Da ka nuna sha'awa sai ya ce wani ma yana hanya, in kana so ka turo kafin alƙalami. Ba ya yarda a haɗu a gidansa ko a bakin ruwa. Sai a filin ajiye motoci, sai kuma dab da magariba. A lokacin na ɗauka aiki ne ya riƙe shi. Ashe duhun yake nema.

Mako biyu bayan cinikin muka fita mu uku daga bakin wani kogi, da niyyar tsallaka mashigin teku mu kwana a wani tudun yashi da ke ɗaya gefen. Mun tashi da sassafe ruwa yana janyewa, don ya taimaka mana wajen fita. Ba mu yi awa ɗaya ba na ji bayan jirgin ya yi nauyi, in na juya shi dama sai ya ƙi, kamar ana jan sa ta ƙasa. Muka raɓa wani tsibirin laka na buɗe murfin baya. Ruwa ya kai rabi. Tanti, jakar barci, kayan sawa, duk sun sha sun ƙoshi, jakunkunan da aka ce ba sa shan ruwa ɗinkinsu ya buɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan ya fara tsallakowa inda nake zaune.

Wanda bai san kayak na teku ba sai ya ce ai yoyo ne, a kwashe a ci gaba. Ba haka ba ne. Jirgin yana da bango a ciki, gaba da baya, wanda ya raba shi ɗaki-ɗaki, kuma iskar da ke rufe a ɗakunan nan ita ke hana shi nutsewa ko da ya kife. Idan bangon ya saki, ruwa ya cika gefe ɗaya, jirgin kan miƙe tsaye hancinsa a sama, ba mai iya komawa ciki a tsakiyar ruwa. Nawa bangon an manna shi ne da gam na banza, da yatsa na ture shi. Kuma teku ba ta jiran kowa: tsakanin janyewa da cika kusan awa 6 ne, sai da muka zauna cikin laka da sauro muna jiran ruwa ya dawo, sannan abokina ya ɗaura mini igiya ya jawo ni gaɓa. Allah ne ya kiyaye iska ba ta taso ba ranar.

Da na kifa jirgin a gida cikin hasken rana na ga aikin. Tsaga ce doguwa a ƙasan baya, daidai inda jirgi ke gogar yashi in ana jan sa, an cike ta da gam an fesa fenti. Irin robar da ake yin yawancin kayak da ita, foliyetilin, gam ba ya kama ta kirki, sai dai a narka roba a yi mata walda. Duk wanda ya daɗe a harkar ya san haka, shi ma ya sani. Da na kankare fentin, robar ta fito fari-fari tana gari a hannu, alamar ta shekara da shekaru a rana. Sau biyu a ruwa, in ji shi!

Sai lamba. Kayak na manyan kamfanoni yawanci suna da lambar shaida a jiki kusa da baya, ta ɓangaren dama. A Amurka tun 1972 doka ta wajabta ta, haruffa da alƙaluma 12 ne, ukun farko na kamfanin da ya ƙera, biyun ƙarshe na shekarar samfurin. A nawa an goge wurin sumul an liƙa sitika a kai. Mai gaskiya ba ya goge lamba. Ko dai yana ɓoye tsufan jirgin, ko kuma ba nasa ba ne tun farko.

Rigar ceton ita ce ban yafe ba. Tana ɗauke da tambarin ISO 12402, ma'aunin ingancin rigunan ceto na ƙasa da ƙasa, da lamba 50, wato niyuton 50, ƙarfin da ya kamata ya riƙe nauyin kusan kilo 5 a saman ruwa. Na ɗaura mata ƙarfe mai kilo 4 na jefa a ruwa mara zurfi, ta bi shi ƙasa. Na farke ta, sai ga soson da ake cusawa a kwali in za a aika kaya, yana tsotsar ruwa kamar na wanka. Wannan rigar ce a jikina a tsakiyar mashigin teku.

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku ce sai da rana, kuma sai an sa jirgin a ruwa kun zauna a ciki. In hakan bai yiwu ba, ku zuba ruwa a ɗakin baya da na gaba ku ga ko zai ɗiga ta ƙasa ko ya ratsa bango. Ku sa tocila a ciki, inda robar ta sirance haske zai nuna. Ku nemi hoton lambar kafin ku tura ko sisi. Rigar ceto kuwa ni dai na daina sayen ta hannu, ko a wurin wa.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, na kuma sanar da masu shafin. Duk wanda ya riga ya yi ciniki da shi, kada ya goge saƙonnin, ya kai nasa, kuma don Allah kada ya sa jirgin a ruwa kafin ya kifa shi ya duba. Nawa yana nan jingine a bayan gida, ba zan sayar wa kowa ba. Rigar kuma na yanka ta gunduwa-gunduwa kafin na zubar, kada wani ya tsinta ya sa wa ɗansa.