Jonagold, Mutsu da 'yar ƙaramar Evereste: shekara uku na fure babu 'ya'ya

Na daɗe ina son in rubuta wannan sharhin, amma duk lokacin da na zauna sai in ga raina bai gama hucewa ba. Bana da na tsinki tuffa cike da kwando daga itatuwan da na kusa sarewa, na ce to yanzu zan iya faɗin abin da ya faru ba tare da na zalunci kowa ba.

Dashe biyu na saya daga wani gidan renon itatuwa, Jonagold ɗaya, Mutsu ɗaya, duka 'yan aure, wato an ɗaura reshen kowanne a kan gindin wata tuffa dabam. Ban shiga sayen da ka ba. Na san tuffa ba ta son zama ita kaɗai, yawancinta sai ƙudan zuma sun kawo mata garin fure daga wani iri dabam kafin ta ƙulla 'ya'ya. Saboda haka na tambayi mai sayarwar baki da baki, na ce filin bayan gidana ba shi da girma, itace biyu kawai zai ɗauka, kuma babu mai tuffa a maƙwabtana, shin waɗannan biyun za su wadatar da juna? Ya ce mini, "Maigida, kwantar da hankalinka, iri biyu ne dabam, ai shi ke nan." Wannan maganar har yau tana kunnena.

Dashen kansu ba ni da abin cewa a kansu. Sun iso da saiwa mai kyau a naɗe da danshi, mahaɗar auren ta warke sumul, babu ƙwaro babu ruɓa. Na dasa su mahaɗar tana sama da ƙasa kamar faɗin tafin hannu, na kafa musu sanda, suka kama ba wata wahala. Shekarar farko 'yan furannin da suka fito na tsinke su da hannuna don itacen ya mai da ƙarfinsa ga saiwa.

Shekara ta biyu da hunturu ya wuce, itatuwan suka yi fure. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tuffa tana fure ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Toho ne ja-ja a dunƙule, sai ya buɗe fari tas da ɗan jirwayen ja a baya, biyar-biyar ko shida a kowane gungu, na tsakiya shi ke fara buɗewa. Yara suna fita kowace safiya suna ƙirgawa. Ƙudan zuma sun zo, na gan su da idona suna tashi daga wannan itace zuwa wancan. Bayan kwana goma sha wani abu furen ya zube, 'yan ƙulle-ƙullen da suka rage suka yi rawaya, suka bi shi ƙasa. Ko ɗaya bai tsaya ba. Na ce ƙuruciya ce, bari mu ga baɗi.

Baɗi ta zo, furen ya ninka na bara, sakamakon kuma bai sauya ba. Tuffa biyu suka tsaya a jikin Jonagold, ɗaya ta faɗi tun tana kamar ƙwan kurciya, ɗayar ta girma a karkace, da na yanka ta ƙwaya ɗaya tak na samu a ciki. A nan ne na kira gidan dashen. Wanda ya ɗauka ya fara da cewa ruwa ya yi yawa. Na ce a'a. Ya ce to ruwa ya yi kaɗan. Daga ƙarshe ya ce ƙasar ce ba ta da ƙarfi, in zo in sayi taki. Na je na saya, na zuba yadda suka ce. Takin nan mai yawan naitirojin ne, sai itatuwan suka haukace da ganye, Mutsu ta fitar da rassa dogaye miƙaƙƙu zuwa sama fiye da tsawon hannuna a damina ɗaya, ta fara rufe wa Jonagold rana. Shekara ta huɗu fure ya ma ragu, 'ya'ya kuma babu. Shekara uku ke nan a jere kamar an shuka dusa. Uwargida ta ce in sare su mu huta da sharar ganye, kuma wallahi na riga na ari zarto.

Wanda ya tsayar da ni wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana aiki a gonakin 'ya'yan itace, yanzu ya ajiye aiki. Ya zo gaishe mu lokacin furen shekarar da ta biyo baya, ya ga zarton, ya tambayi sunayen itatuwan. Da na faɗa masa sai ya yi shiru ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ba itacen ne da laifi ba. An haɗa ka da biyu ne da kowannensu karɓa ya iya, bai iya bayarwa ba." Na ce, "Baba, yi mini bayani, don ni an ce mini iri biyu sun isa."

Abin da ya koya mini a tsaye a wurin nan, da mai sayarwar ya faɗa mini cikin minti biyu da ban yi asarar shekarun ba. Yawancin tuffa jeri biyu gare ta na ƙwayoyin gado, guda 34. Amma akwai wasu irin da suka zo da jeri uku, guda 51, kuma garin furensu kusan duk fanko ne, ba ya haifar da komai a jikin wata tuffa. Jonagold tana cikinsu, Mutsu tana cikinsu, haka Bramley da Gravenstein. Irin waɗannan sukan yi girman jiki, faɗin ganye da manyan 'ya'ya, shi ya sa ake son su, shi ya sa kuma hotonsu ke jan ido a takardar talla. To amma in ka dasa biyu daga cikinsu su kaɗai, ƙudan zuma za su yi ta jigila tsakaninsu har furen ya ƙare, ba abin da zai ƙullu. Ita kuwa karkatacciyar tuffar nan mai ƙwaya ɗaya, ya ce alama ce ta barbarar da ba ta cika ba. Tuffa ɗaki biyar gare ta a ciki, kowanne yana iya ɗaukar ƙwaya biyu, kuma gefen da ƙwaya ta zauna shi ne yake cika.

Washegari ya dawo da rassa masu fure da ya yanko daga wata ƙaramar tuffar ado, irin wadda 'ya'yanta ba su wuce santimita 5 a faɗi ba, masu tsami, da ake dasawa saboda furenta. Ya sa su a bokiti da ruwa, muka rataye tsakanin itatuwan biyu. Furen nawa ya riga ya yi nisa, saura kaɗan. Duk da haka a shekarar na samu tuffa 14. Na ƙirga su ya fi sau ashirin kafin su nuna.

Da kaka ta yi na nemo Evereste, wadda ita ma tuffar ado ce, daga wani wuri dabam, don ƙafata ba za ta sake taka wancan gidan ba. A nan ne sharhin nan ya juya, domin wannan 'yar itaciyar da na saya don ta yi wa manya hidima ita ce yanzu abin da na fi so a duk filin. Cibiyar binciken noma ta Faransa ce ta fitar da ita a shekarun 1970. Ban sa ran komai daga gare ta ba sai garin fure, amma tun shekararta ta farko, tana ko kai kafaɗata ba ta yi ba, ta lulluɓe da fure har ba ka ganin reshe. Tana riga Mutsu buɗewa da 'yan kwanaki, kuma har Jonagold ta gama tana nan da sauran fure a jikinta, wato ta rufe lokacin duka biyun. Ƙarar ƙudan zuma a kanta daga taga nake jin ta. Ganyenta tsaf yake tun daga toho har zubewa, ban taɓa fesa mata komai ba. 'Ya'yanta ƙanana ne, santimita 2 zuwa 3, ruwan lemo da ja, kuma ba sa zubewa su ɓata ƙasa da wuri. Suna nan maƙale bayan ganye ya kaɗe, cikin tsananin sanyi, har sai sun yi laushi tsuntsaye su zo su cinye. Lokacin da komai na lambun ya bushe ya yi toka-toka, ita kaɗai ce mai launi. Kuma wurin da na ce ba zai ɗauki itace na uku ba, ta shiga wani lungu ta zauna ba ta takura wa kowa ba.

Bana, shekara ta biyu da zuwanta, Jonagold ta ƙulla 'ya'ya har abin ya ba ni tsoro. Dattijon ya sa na rage su tun suna ƙanana, ɗaya a kowane gungu, tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakani, don kada reshe ya karye kuma kada itacen ya gaji ya huta baɗi. Hannuna yana rawa na yi wannan aikin, mutumin da ya yi shekara uku yana neman guda ɗaya. Amma da suka nuna na ga amfanin. Jonagold da ka tsinka da kanka ba ta da alaƙa da wadda ta yi watanni a ɗakin sanyi. Babba ce, rawaya da ja a gefen da rana ke bugu, ruwa cike, zaƙi da ɗan tsami a bayansa. An haɗa ta ne a tashar binciken noma ta Geneva da ke jihar New York a Amurka, daga Golden Delicious da Jonathan, aka fitar da ita a 1968, kuma duk wanda ya yi wannan haɗin ya san abin da yake yi. A kanta dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mutsu kuwa raina a rabe yake. 'Yar Japan ce, daga yankin Aomori, a wasu kasuwanni ana kiranta Crispin. 'Ya'yanta manya ne ƙwarai, kore mai komawa rawaya, guda ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma ta fi Jonagold jure ajiya. Sai dai ba itacen ƙaramin fili ba ne. Takardar da ke rataye a jikinta ta ce an aura ta a kan M26, ɗaya daga cikin gindayen da tashar binciken noma ta East Malling a Ingila ta fitar, wanda ya kamata ya tsayar da itace wajen mita 3 ko ya ɗan wuce. Tawa ta wuce haka tuni, kowane hunturu sai na hau tsani na yi mata aski. Da an faɗa mini irin ƙarfinta da na nemi M9, wanda ya fi danne tsawo, ko da yake shi sai da sanda har abada. Ga kuma baƙaƙen tabo da suke fito mata a ganye da fatar 'ya'ya duk shekarar da ruwa ya yi yawa lokacin fure. Jonagold ma ba ta tsira ba, wasu manyan 'ya'yanta suna yin 'yan ramuka masu ɗaci a ƙarƙashin fata, abin da ke faruwa idan sinadarin kalsiyam bai isa cikin ɗan itacen ba, kuma yawan naitirojin yana ƙara shi. Wa ya sa na zuba naitirojin? Kun ga yadda maganar take komawa wuri ɗaya.

Kuma akwai abin da ban faɗa ba tukuna, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Bayan dattijon ya yi mini bayani, na rubuta wa gidan dashen cikin ladabi, ban nemi a mayar mini da kuɗi ba, na ce dai su daina haɗa wa mutane waɗannan biyun. Amsar da suka aiko ita ce in zo su rage mini farashin Golden Delicious in dasa a tsakiya. Na kai wa dattijon saƙon. Ya ce, "Kada ka kuskura." Golden Delicious ita ce ta haifi Jonagold, ita ce kuma ta haifi Mutsu, kuma tuffa tana ƙin garin furen da ya yi kama da nata a gado. Duka biyun ba sa karɓar nata. Wato da na bi shawararsu a karo na biyu, da na sake zama wasu shekarun ina kallon fure yana zubewa, da itace uku maimakon biyu. Kuskuren farko zan iya cewa ɗan Adam ne. Na biyun ya nuna mini cewa mutanen nan suna sayar da abin da ba su sani ba, kuma ba su damu su sani ba. Na so in ba su rabin yabo saboda lafiyar dashensu, amma da na tuna wannan saƙon sai na fasa. Lafiyayyen dashen da ba zai haihu ba, me za a yi da shi?

Wani abokina da ke zaune a ƙasa mai zafi ya ga hoton kwandon ya ce shi ma Jonagold zai nema. Na hana shi. Waɗannan irin suna buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius kafin su farka su yi fure yadda ya kamata, in ba su samu ba sai su yi ta toho a warwatse. Na ce ya nemi Anna, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden, wadda ta fito daga Bahamas. Sanyi kaɗan ya ishe su, suna fure lokaci ɗaya, kuma su kam da gaske suna barbarar juna. Na kuma ce masa kafin ya biya ko sisi ya tambayi mai sayarwa abu uku: a kan wane gindi aka aura, wane iri ne zai ba ta garin fure, kuma ita tata garin yana aiki ko fanko ne. In ya ga mutum ya fara kame-kame, ya juya.

Ni yanzu shawarar da nake juyawa a raina ita ce ta Mutsu. Dattijon ya ce in bar ta, zai koya mini in aura wani iri a kan manyan rassanta biyu idan hunturu ya kusa ƙarewa, ko Gala ko wani mai garin fure mai kyau, don nauyin kada ya tsaya kan Evereste ita kaɗai. Na riga na sayi wuƙar aure da zaren ɗauri. Zarton kuma na mayar wa mai shi tun bara.