GTEx Portal: shafin da ya taimake ni a aikin CB1 da CB2

Wlh duk mai karatun famakoloji ko bayokemistiri ya je ya buɗe GTEx Portal, shafin intanet da ke nuna yawan aikin kowace ƙwayar gado a sassan jikin ɗan Adam, kyauta ne, ba rajista ba komai, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ce ta fara aikin tun 2010. Ni dai semina aka ba ni kan makarɓan sinadarin wiwi a jiki, wato CB1 da aka gano ƙwayar gadonsa a 1990 da CB2 a 1993, kuma na kai sati biyu ina haddace "CB1 ƙwaƙwalwa, CB2 garkuwar jiki" ba tare da na gane dalili ba.

Daren da na rubuta CNR1, wato sunan ƙwayar gadon CB1, a akwatin bincike, ina zaune da laftof wuta ta kusa ƙarewa, sai ga jadawali ya fito da sassan jiki sama da 50 a jere. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta yi sama sosai, har kitsen ƙarƙashin fata yana da nasa, wanda ban taɓa zato ba. Na sauya zuwa CNR2, ƙwayar gadon CB2, kawai sai saifa ta miƙe, ƙwaƙwalwa kuma kusan a ƙasa. Nan fa abin ya zauna min: CNR1 yana kiromozom 6, CNR2 yana kiromozom 1, kusan kowane sel yana ɗauke da duka biyun, bambancin kawai wane aka kunna wane aka kashe, kamar makunnin fitila, idan aka liƙa ɗan sinadarin metil a farkon ƙwayar gadon ko DNA ta naɗe tam a jikin histon, furotin ɗin da take naɗuwa a kai, sai karanta ƙwayar gadon ya tsaya, shi ya sa a sankarar hanji ake samun CB1 ya yi shiru, kuma idan kumburi ya tashi a ƙwaƙwalwa CB2 yana ƙaruwa a sel ɗin garkuwa da ke can.

Amma dan Allah a kula, mRNA, wato saƙon da ake kwafa daga ƙwayar gado kafin a haɗa furotin, shafin yake aunawa, ba furotin ɗin kansa ba, kuma daga jikin mamata ne, yawancinsu Turawa. Raguwar CB1 da ake gani a masu shan wiwi kullum, wadda take farfaɗowa bayan kamar sati 4 da dainawa, da PET, wani hoton asibiti na cikin jiki, aka auna ta, ba a nan za ka same ta ba.

Ku buɗe a kwamfuta, ku sauke jadawalin kafin data ta ƙare.