Mashin ɗin daji da buhun masara: abin da ya same ni a bakin rafi

Wata 8 ke nan da na sayi wannan dogon mashin, irin wanda muka saba gani a hannun malaman gona, mai inji 200cc da taya mai gurzago. Dalilina ɗaya ne, hanyar gonarmu. Da damina kuwa ya fitar da ni kunya. Inda Boxer ɗin maƙwabcina ke zama a laka har salansa, ni wucewa nake ina ɗaga masa hannu, don tayar gaba inci 21 ce kuma cikinsa ya yi nisa da ƙasa.

Sai kaka ta zo. Na ɗora buhun masara mai kilo 100 zan kai kasuwar Saminaka, na ƙara rabin buhu a sama, na ɗaure tamau da roba. Tun a ƙofar gida na ga alama, shokazoban baya ya nutse, fitila ta koma kallon sama. Ashe an yi shi da laushi ne don ya shanye ramuka, kuma kariyar ɗora kaya ta zauna can bayan tayar baya, duk nauyin ya rinjaya baya. Kan mashin ya zama kamar takarda a hannuna.

A hawan gaɓar rafi abin ya faru. Na sa giya ɗaya, na ɗan murɗa mai, kawai tayar gaba ta tashi. Na miƙa ƙafa in dogara, ina! Kujerar ta yi tsayi, sai iska na taka. Muka kife, buhun ya kwanta a kan salansa, wadda dama a sama take dab da kujera, leda ta narke, masara ta bi gangare. Wasu mata masu wanki ne suka taya ni tsincewa, wata dattijuwa tana ta cewa, "Sannu ɗan nan, jaki bai fi maka wannan ba?" Wajen mudu 6 suka tafi a yashi.

Ban ce ba ni da laifi ba. Bakanike ya ƙara wa sifirin shokazoban ƙarfi, mai walda ya yi mini sabuwar kariya da ta matso gaba, na daina wuce buhu ɗaya. Yanzu da sauƙi, kuma injin bai taɓa yin kuka da kaya ba, ko a tudu.

Amma jiya da nake wanke shi na ga ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera ya soma tsagewa, wayoyin tayar baya biyu sun saki. A kuɗin da na biya! Maƙwabcin nan da nake yi wa dariya, buhu biyu yake jibgawa, ya zauna a kan tanki, ya riga ni isa kasuwa. Ranar kasuwa mai zuwa nasa zan ara.